Lamba Sha Bakwai

Ni ke kwashe kashin ɓeraye a Aliero,
aikin da har yau ban faɗa wa surukaina ba.
Kafin motocin albasa su tada inji
na buɗe ɗakin, na ƙirga kawuna:
ashirin da huɗu, farare tas, masu jan ido.

Akwatin gwaji ɗaki biyu ne.
Ɗaya santsi. Ɗaya kaushi kamar dutsen niƙa.
In za a yi wa Sha Bakwai allurar mofin,
a mai kaushin Dakta Hajo ke rufe shi.
Ran nan aka ɗage ƙofar tsakiya,
ba allura, ba kowa.
Ya ratsa santsi ko waiwaye babu,
ya je ya kwanta kan kaushin
kamar mai jiran wanda ya yi masa alkawari.

Na san wannan kwanciya.
Ƙanena Anaruwa ya faɗo daga saman buhuna,
cinya ta karye wuri biyu.
Masu ɗori suka ɗaure da kara, ƙashi ya kama,
a nan ba a gaya wa garinmu aiki.
Ƙwayar da aka ba shi don ya runtsa
ita ce ta ƙi a kwance ta.
Ƙafa ta miƙe, sai ta riƙa kai shi
bayan tasha, gindin katanga mai zarni,
har ranar da ba ko sisi a aljihunsa.
Wurin yake so. Wurin kawai.

Sai aka ɗinka wa Sha Bakwai hula.
Waya siririya kamar gashin wutsiyar doki
ta ratsa ƙoƙon kai, ta gangara
can inda Dakta ta ce daɗi ke da rijiya.
Wutar ba ta kai ta tocila ba.
Na ɗauka zai zabura.
Ya zauna ne yana wanke fuska da hannu biyu,
koren haske na ƙifta ido bisa tebur.

Bayan mako aka sake ɗage ƙofa.
Agogo a hannuna, biro a nata.
Ya leƙa mai kaushin, ya shinshina,
ya yi jim,
ya juya.
Cikin minti sha biyar, huɗu kacal ya ba wurin.

Na ce, Dakta, babu hular daidai kan mutum?

Ta ajiye biro.
Ta ce, Arzika, ɓera ne.
Dubi Lamba Shida: waya ɗaya, wuta ɗaya,
mun kauce da faɗin ƙwayar gero,
shi ƙara maƙalewa ma ya yi.
Lamba Tara ya bar ɗakin, gaskiya ne,
amma ya bar ruwan sukari shi ma.
Ban sani ba tukuna,
ƙwayar muka cire masa
ko son duniyar gaba ɗaya.

Ban ƙara tambaya ba. Na wanke kwanuka.

Ran Alhamis za a buɗe kan Sha Bakwai,
a yanka ƙwaƙwalwar fiye da siririn ɓawon albasa,
a ga inda wayar ta tsaya.
Yau na ba shi gyaɗa biyu
waɗanda ba su shiga littafi ba.

Da magariba na bi ta bayan tasha.
Yana nan, ya jingina, gwiwa a ƙirji.
Ba ni da waya, ba ni da koren haske.
Na tattare riga na zauna kusa da shi,
ƙasar ta soke ni, kaushi ce ita ma.
Na kwance ƙullin rogo da ƙuli.
Ya daɗe yana kallo.
Ya ce, akwai yaji?
Na ce akwai.